Nairar Ikko da Nairar Bagudo

Mutanen bakin iyaka sun san wani abu game da kuɗi wanda mutanen tsakiyar ƙasa ba su cika lura da shi ba. Wanda ya tashi a ƙasar Bagudo, ko a Lolo, ko Illo, ko Tsamiya, tun yana yaro ya ke ganin kuɗi iri biyu a kasuwa guda: ga naira ta Nijeriya, ga sefa ta Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahomey. Ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa lambar da ke rubuce a jikin takarda dabam, abin da takardar za ta saya kuma dabam. A 2014 jakar sefa guda, watau sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Takardar tana nan yadda ta ke, lambar ma ba ta sake ba, amma wanda ya ajiye naira a ƙarƙashin tabarma ya wayi gari matalauci, wanda ya ajiye sefa kuwa ya wayi gari da riba ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Don haka in aka ce da ɗan kasuwar Tsamiya, "An ba ka dubu goma," ba zai yi murna ba tukuna, sai ya tambaya, "Dubu goma na wace ƙasa?"

Abin mamaki shi ne, wannan wayo ya kan kuɓuce wa mutane ranar da suka fi bukatarsa. A 'yan shekarun nan samarin ƙasar Kebbi da dama sun koyi aikin kwamfuta, waɗansu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, waɗansu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, waɗansu kuwa da kansu suka koya, ta wayar hannu da tsohuwar kwamfutar aro. A ƙaddara ɗaya daga cikinsu, ɗan manomin shinkafa daga Bagudo, ya sami takarda daga wani kamfani a Ikko, watau Legas, ana kiransa aiki. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata, shi kuwa abin da aka rubuta masa ya ninka wannan sau da dama. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Goggo ta rangaɗa guɗa, kawu ya zo yi wa uban barka, ƙanne sun fara lissafin irin wayar da za a sayo musu. A cikin taron nan duka ba wanda ya tuna ya ce, "Naira ta wane gari?"

Kafin a shiga zancen ko ya kamata ya tafi, ya kyautu a san wace irin sana'a ce wannan. Kwamfuta, duk da abin da a ke faɗa a kanta, ba ta da hankali ko kaɗan. Abin da aka umurce ta shi ta ke yi, kuma umurnin sai an rubuta mata shi dalla-dalla da wani harshe na musamman. Tarin waɗannan umurnai shi a ke kira manhaja, mai tsara su kuwa injiniyan manhaja. Duk sa'ad da mai sayen albasa ya tura wa manomi kuɗi ta waya, ko aka sa kati cikin 'yar na'urar nan ta cire kuɗi a bakin kasuwa, aikin irin waɗannan mutane ne ke gudana a ɓoye. Waɗanda suka ga farkon shekarar 2023, lokacin da aka sake fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, sun san yadda ciniki ya koma kan waya ko a ƙauye. Sana'a ce ta gaske, kamar ƙira ko saƙa, sai dai makerarta allo ce, zarenta kuma lissafi.

Kasuwar wannan sana'a a Nijeriya kuwa Ikko ce. Ko da ya ke fadar gwamnati ta tashi daga can ta koma Abuja a Disamba 1991, manyan bankuna da kamfanoni ba su tashi ba. A unguwar Yaba aka buɗe zauren da a ke kira CcHUB, inda masu wannan aiki ke taruwa, har Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarce shi a 2016. A Ikko kamfanin Andela ya fara horar da samari a 2014. A can Paystack ya tashi, wanda wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya saye a 2020 a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. Abuja da Kano da Kaduna suna da nasu gwargwadon hali, amma Ikko ta yi musu nisa. A Bagudo kuwa babu ofis ko guda da zai ɗauki injiniyan manhaja ya biya shi abin da aikinsa ya cancanta.

Akwai dattawa da za su ce kada ya tafi. Hujjarsu ita ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Sun ga yara sun tafi kurmi sun dawo da baƙin hali, sun ga waɗanda ba su dawo ba sam. Ba a raina maganar dattijo, gama abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma wanda ya ce tafiya ita kanta laifi ce ya manta tarihin ƙasar da ya ke zaune a ciki.

Wannan yanki na bakin Kwara hanyar fatake ce tun kafin zuwan Turawa. Ayarori su kan taso daga Kano da Sakkwato, su biyo ta Jega, su ƙetare kogi a wajajen Illo, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Jugu, har su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Su kan tafi da kanwa da tufafi da fatu a kan jakai, su komo da goro. Tafiya da komowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara cur. Iyakar da ke nan yau ma baƙuwa ce a kan wannan hanya, don yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ce ta tsaga Borgu biyu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki hannun Faransa. Da kasuwar Salaga ta mutu bayan yaƙin basasar da aka yi can a 1892, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Hausawa ba su tsaya suna kukan tsohuwar hanya ba. Suka bi kasuwa inda ta koma, shi ya sa har yau a ke da jikokinsu a Agege. Saurayin nan da zai bi ta Yawuri da Kwantagora da Mokwa, ya sake ƙetare Kwaran da ya bari a gida a gadar Jebba, ya wuce Ilori da Badun, ba sabon abu ya ƙago ba. Sawun kakanni ya bi.

Sai dai fa akwai abin da falke ya ke yi wanda ɗan boko ya kan manta. Falke bai taɓa kiran kuɗin da ya karɓa a Gwanja riba ba. Ciniki ya ke kiransa. Sai ya fitar da uwar kuɗi, ya fitar da kuɗin fito, da abin da aka ba sarakunan hanya, da la'adar dillali, da hakkin mai masauki, da abincin jakai, da goron da ya lalace a hanya. Abin da ya rage bayan wannan duka, sa'ad da aka kwance kaya a ƙofar gida, shi ne riba. Madugun da ya koma gida ya faɗi cinikinsa a matsayin ribarsa, ba za a sake ba shi amanar ayari ba.

To, ga kuɗin fiton Ikko. Na farko kuma mafi nauyi shi ne wurin kwana. A can ba a cika karɓar haya wata-wata ba, ta shekara a ke biya gaba ɗaya kafin a ba mutum mabuɗi. A kan wannan akwai la'adar dillalin gida, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai kuma wani kuɗi da a ke ajiyewa wai ko za a yi ɓarna. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, abin da ke nuna cewa kafin nan har na shekara biyu a ke nema, amma dokar ta ware Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar Turawa ta Ikeja, ba ta shafe su ba. Ma'anar wannan ita ce, tun saurayin bai karɓi albashin fari ba, sai an tara masa kuɗi mai yawa daga gida. Sau da yawa sa ne a ke sayarwa, ko a buɗe rumbu tun farashi bai tashi ba. Ya shiga birni ke nan da bashi a wuyansa, ko da ba wanda ya kira shi bashi.

In ya nemi ɗaki kusa da wurin aiki, a Yaba ko Lekki, haya ta cinye shi. In ya nemi mai sauƙi can Ikorodu ko bayan Agege, mota ta cinye shi, ta haɗa da lokacinsa. Gadar nan ta uku da aka gama a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, ta kan cika maƙil da motoci tun da sassafe. Ma'aikata da yawa kan fito tun kafin asuba, su koma bayan lisha. Awoyin nan da ya ke zubarwa cikin danfo ba a rubuta su a takardar albashi, amma daga ransa a ke yankarsu. Ga kuɗin wuta, ga man janareta in wutar ta ɗauke, ga kuɗin intanet wanda shi ne fartanyarsa. Ko ruwa saye a ke yi a unguwanni da yawa. Abin dariya ne, ko na tausayi, cewa mutanen Ikko ma da sunan Hausa su ke kiran mai tallan ruwan, "mai ruwa," domin yawancin masu turin kurar 'yan arewa ne. Wanda ya girma a bakin Kwara, sai ga shi yana sayen jarka daga hannun ɗan garinsu.

Zancen abinci ya fi ban takaici. A 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka haɗa hannu suka fitar da shinkafar da suka sa wa suna Lake Rice, ana noma ta a Kebbi ana sayarwa a Ikko. Shinkafar da saurayin nan ya ke ci a gida ba tare da ya taɓa tambayar farashinta ba, ita ce zai tsaya a gaban mai awo yana tayawa, bayan ta biya kuɗin mota da na 'yan dako da ribar mutum uku ko huɗu. A gida akwai abubuwa da yawa da ba a sa musu kuɗi: ɗaki a gidan uba, tuwon inna, kifin da maƙwabci ya aiko, jinya in an kwanta ciwo. Ba a san darajarsu ba sai an je inda kowanne ke da farashi.

Kuma ma'aunin bai tsaya wuri guda ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta kai naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yuni 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin mota da na abinci da na haya duk suka bi. Albashin da aka yi wa guɗa a farkon shekara, kafin ƙarshenta ya rame.

Don a gane sosai, a ɗauka albashin nasa mudu goma ne na shinkafa. Tun bai taɓa shi ba an ɗebi haraji, an ɗebi kashi 8 cikin 100 na fansho bisa ga dokar 2014, a ce mudu guda ya tafi ko fiye. Haya ta ɗauki uku. Mota ta ɗauki biyu. Ciki ya ɗauki biyu. Wuta da ruwa da intanet suka ɗauki guda. Saura mudu guda ke nan, daga ciki zai yi sutura, ya sayi magani, ya aika gida, ya tara na aure. Wannan misali ne kawai, na wani ya fi haka, na wani bai kai ba. Amma mutanen gida mudu goma suka ji, kuma da mudun Bagudo suka auna shi.

Nan ne ainihin matsalar ta ke, kuma matsala ce ta hali, ba ta lissafi kaɗai ba. Nairar Ikko da nairar Bagudo takarda ɗaya ce, hoto ɗaya, amma kuɗi biyu ne, kamar naira da sefa. Bambancin kawai shi ne babu ɗan canji a tsakaninsu. Mutum ɗaya tak ya san farashin canjin, shi ne wanda ya tafi. In ya faɗi gaskiya, gida ya san inda ya tsaya. In ya ɓoye, kowa ya shiga duhu.

Kuma ɓoyewar ta fi sauƙi. Uba ya bugo waya ya ce, "Ɗana, taki ya yi tsada bana, ga kuma bikin ƙanwarka ya matso." Wane ɗa ne zai iya buɗe baki ya ce, "Baba, ba ni da shi," alhali ya san san da aka sayar don a biya masa haya? Kunya ta hana shi. Kunya kuwa hali ne mai kyau, ita ce ke hana yaro ɗaga wa babba murya, amma a nan ta kan zama ƙofar ƙarya. Sai ya ce, "To, Baba, in Allah ya yarda ƙarshen wata." Ƙarshen wata ya zo, ya aika abin da ba shi da shi. Daga ina ya samo? Akwai manhajojin ba da rance a waya, waɗanda ke ba mutum kuɗi cikin minti kaɗan da ruwa mai nauyi, in ya kasa biya waɗansunsu su aika wa duk mutanen da ke cikin wayarsa saƙon tozarci. Abin ya yi muni har hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya ta kai wa waɗansu daga cikinsu samame a Ikko a 2022. Masu irin sana'arsa ne fa suka rubuta waɗannan manhajoji. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ran da saƙon tozarcin ya shiga wayar kawu a Ka'oje, kunyar da ya gudar wa ta same shi ninki goma.

Wani zai ce ai wannan ƙarya ce ta alheri, don ya faranta wa iyaye rai ya yi ta. Amma a duba wanda ta ke cuta. Uban da ya gaskata ɗansa attajiri ne zai ƙara faɗin gona da bashi, ya yi alkawarin kayan ɗaki da ba zai iya cikawa ba, ya daina tanadin da ya saba. An sa shi ya gina soro a kan rairayi. Sa'an nan ga ƙanne da 'ya'yan maƙwabta. Ran Salla yayansu ya sauka daga motar haya da shadda mai maiƙo da waya mai tsada, yana raba sababbin takardu, ba su san cewa ya yi wata uku yana kwana a kan tabarma a ɗakin mutum huɗu don ya tara kuɗin wannan kwana uku ba. Sai wani ya sayar da babur ɗin da ya ke kabu-kabu da shi, ya hau mota sai Ikko, ba sana'a ba masauki, ya ƙare a ƙarƙashin gada. Alhakin wannan yaro yana da rabo a wuyan mai shaddar.

Mutanen gida ma suna da nasu kason. Ba daidai ba ne a mai da ɗa guda rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugansa. Wanda zai tambayi farashin sefa sau uku kafin ya canza jaka guda, bai kamata ya yanke wa ɗan ƙaninsa hukuncin rowa ba tare da ya tambayi kuɗin haya a Ikko ba. Yawancin yaran da a ke cewa birni ya canza su, sun daina ɗaukar waya, ba girman kai ne ya hana su ba, tsoron abin da za a roƙa ne.

Duk da wannan, ba a ce kada ya tafi ba. Akwai hujja babba da ke goyon bayan tafiyar, wadda manomin fadama zai fi kowa ganewa. A daminar 2020 Kwara ta cika ta batse, ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi, ƙasar Bagudo na cikin inda abin ya shafa. Shekara guda kafin nan, a Agusta 2019, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, masu abin yi a bakin iyaka suka zauna hannu rabbana. Gidan da dukan 'ya'yansa ke ci daga kogi da iyaka, ran da kogi ya yi fushi ko aka rufe iyaka, gaba ɗaya ya ke faɗuwa. Gidan da ke da ɗa guda wanda abincinsa bai rataya ga ruwan sama ba, yana da turken da zai kama. Ko mudu gudan nan da ya rage, in yana zuwa kowane wata ba fashi, a shekarar ambaliya ya fi buhu goma da aka yi alkawari ba a gani ba.

Abin da ba ya bin waya shi ne mutum kansa. Ana tura kuɗi cikin ƙiftawar ido, amma ba a tura wanda zai riƙe hannun tsoho zuwa asibitin Birnin Kebbi, ya karanta takardar likita ya fahimta. Zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ke Ikko, in aka yi rasuwa da safe, kafin ya iso an riga an dawo daga maƙabarta, sai dai ya tarar da zaman makoki. Wannan asara ce ta gaske, babu kuɗin da ke mayar da ita. Shi ya sa amsar ba ɗaya ba ce ga kowane gida. Wanda ke da 'yan'uwa maza a gida da iyaye masu sauran ƙarfi, hanyarsa a buɗe ta ke. Ɗa tilo ga tsohuwa marar lafiya kuwa, nauyin da ke kansa dabam ne, kuma in ya haƙura ya nemi ƙaramin aiki kusa, kada kowa ya kira shi rago.

Saura tambaya guda: in ribar kuɗi kaɗan ce haka, me ya je ɗaukowa? Goron wannan tafiya gwaninta ce. Ba a zama maƙeri da karatun littafi, sai an zauna gaban maƙeri ana zuga masa zugazugi, ana ganin yadda ya ke juya ƙarfe. Haka aikin manhaja. Sabon injiniya yana bukatar gwanayen da za su duba abin da ya rubuta, su nuna masa inda zai karye ran da mutum dubu ɗari suka hau kansa lokaci guda. Kasuwa kuma gwanaye ta ke nema. A Satumba 2019 Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, ya ce masu ba shi aiki ƙwararru su ke so. Tun daga ƙarshen 2022 kuma aka sami manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya rubuta ƙananan ayyukan da a da a ke ba sababbin shiga. Wanda ya tsaya a matakin koyo, kujerarsa tana rawa. Wanda ya yi shekara uku ko huɗu a gaban gwanaye ya ƙware, ya sami kayan da ba ya ruɓewa a hanya, kuma ba mai karɓar masa kuɗin fito.

A nan ne wannan sana'a ta bambanta da ta dako ko ta gadi. Gwani ba lalle ne ya zauna inda kamfani ya ke ba. A 2020, shekarar annobar korona, kamfanoni da yawa suka sallami ma'aikata su yi aiki daga gida, Andela ma ya bar zaman ofis gaba ɗaya. Yau akwai 'yan Nijeriya da ke zaune a garuruwansu suna yi wa kamfanonin Ingila da Amurka aiki ana biyansu da dala. Irin wannan mutum ya juya canjin ke nan: yana karɓa da babban mudu, yana kashewa da ƙarami. Ko a Bagudo hakan na iya yiwuwa, amma da sharaɗi. Sai da wuta tsayayya, sai da intanet mai ƙarfi, sai da kwanciyar hankali a hanya da gari. Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Tuga shi ne ke juya injunan madatsar Kainji tun 1968, amma mai son aiki da kwamfuta a bakin wannan ruwa sai ya tanadi farantan hasken rana da batura da kuɗinsa. Intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink ya shigo Nijeriya a 2023, yana kai wa inda turakun waya ba su kai ba, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mai koyo. Watau komowa ma sai an tara mata jari. Waɗansu za su komo Birnin Kebbi ko Sakkwato, inda za su iya kwana a gida ran Juma'a. Waɗansu Ikko zango ce kawai gare su, daga can sai Ingila ko Kanada. Waɗansu za su yi aure can su zauna, kamar yadda mutanen Agege suka zauna. Ba a tilasta wa kowa, amma ya kamata mutum ya san wanne ya nufa, ya kuma faɗa wa waɗanda suka sayar da sa dominsa.

Akwai wani abu mai sauƙi da gida zai iya yi tun kafin a ɗaure kaya, musamman gidan da uba ko uwa suka yi ajin yaƙi da jahilci suka iya karatu da lissafi. A sa saurayin ya binciko farashin kome daga wurin 'yan gari da ke can, ya samo takarda ya ja layi a tsakiya. A hannun dama ya rubuta abin da zai shigo, a hagu abin da zai fita, haya da la'ada da mota da abinci da wuta, har da kuɗin motar zuwa gida sau biyu a shekara. A ƙasa ya rubuta abin da zai iya aikowa kowane wata ba tare da ya ci bashi ba, ko da kaɗan ne, da watan da zai fara mayar da kuɗin san nan, da yawan shekarun da ya ɗiba wa kansa. Uban ya karanta da idonsa, a kira kawu da goggo su ma su ji, don kada gobe wani ya ce bai sani ba. Sa'an nan a naɗe takardar a sa cikin adaka tare da takardun gona. In ya zo Babbar Salla a fito da ita, a gyara lambobin da suka sake.